Yadda Za Ka Gina Rumbu a Cikin Kwamfuta Har a Kasa Sallamar Ka

Bari in fara da faɗin laifina, kafin wani ya riga ni a majalisa. Makullai goma sha ɗaya ne a aljihuna, huɗu kaɗai na san ƙofofinsu. Sauran bakwai ina yawo da su ne don tsoron ranar da zan jefar da ɗaya, washegari ƙofarsa ta bayyana. Tun da nake ban taɓa rubuta suna a jikin komai ba, ko da murfin littafi ne. Wannan ne ya ba ni ikon koya maka abin da ke tafe, domin ilimin nan gaba ɗayansa a kan ƙin rubuta suna aka gina shi.

Alkawarina ɗaya ne, kuma ba na janye shi. In kana rubuta manhajar kwamfuta a wurin da aka fara maganar rage ma'aikata, ka bi matakan nan yadda na jera su, ba mai raba ka da kujerarka. An gwada a nan Dutsin-Ma, a gabana, kuma wanda aka gwada a kansa yana nan zaune, fanka na kaɗa shi.

Ni ne Ɗanjuma, mai gyaran firinta a ƙarƙashin benen Hajiya Rahmatu, daf da kasuwar Laraba. Hajiya fataucin hatsi ta gada: wake da gero da dawa, daga Shema da Karofi zuwa kudu. A saman benen tana da ɗan ofis mai tebur biyu, da masu rubuta manhaja biyu. Akwai Malam Almu, mutumin Wurma ta ƙasar Kurfi, mai shekara hamsin ba biyu. Akwai Lai'atu, wadda ta biyo mijinta daga Kafanchan shekara shida da suka wuce. Babban aikinsu shi ne manhajar da ke buga takardar lodi, wato takardar da direba ke riƙewa, mai nuna buhu nawa ya ɗauko, daga wane sito, da ranar da aka sa wa waken maganin ƙwari. Daɓen ofishinsu katako ne, kuma shi ne rufin shagona. Ban taɓa yin laɓe ba. Maganar ce ke saukowa da kanta.

Wata Litinin da kaka, Hajiya ta hau benen tana haki, ta zauna a kujerar Almu, shi ya koma tsaye.

"Baban Surayya, Maman Joan, ku saurara da kyau. Aikin ga na mutum guda ne, ni na sani, ku ma kun sani. In an gama lodin waken bana, kujera ɗaya za ta rage. Ban yanke ba tukuna. Ina kallo."

Da ta tafi, Almu ya sauko shagona ya zauna a kan wata matacciyar firinta, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ɗanjuma, ka ji?"

"Ban ji ba. Amma kujera ɗaya ta ce."

"Matar da ta sallami direbanta na shekara goma sha biyu ranar Juma'a bayan masallaci. In ta sallame ni, da wane ido zan shiga gida? Kafin in kai ƙofa labari ya riga ni wurin matata Huseina."

A nan na ba shi shawarar da zan ba ka.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da za ka ɓoye

Kowace manhaja da aka rubuta da harshen kwamfuta na Fayton tana da kayan haɗinta, kamar miya. Wannan tana son daddawar bara. Waccan in ka sa mata ta bara ta lalace, sai ta bana. Don kada kayan wannan su faɗa tukunyar waccan, sai a ware wa kowace manhaja folda guda a zuba nata. Masu sana'ar suna da sunan da suke kiran foldar da shi, na Turanci, wanda ba ya faɗuwa da goro a baki. Mu ce muhalli.

Mutanen kirki suna ajiye muhalli a cikin foldar aikin kanta, gefen manhajar, duk wanda ya buɗe ya gani. To, matsalar ke nan. Abin da kowa ke gani kowa na iya gyarawa, kuma in kowa na iya gyarawa, mai ofis zai fara tunanin me ya sa yake sayen kujera biyu.

Kai ba mutumin kirki ba ne a wannan watan. Ka bar kirki sai bayan lodi.

Mataki na biyu: Ka nemo dalili na gaskiya

Kada ka taɓa yin mugun abu da dalilin ƙarya, ana kama mutum. Ka nemi dalilin da ko abokin hamayyarka zai gyaɗa kai.

Dalilin yana nan a shirye. Muhalli ɗaya yana ɗauke da ƙananan fayiloli dubbai. Kwamfutar ofis tana kwafe foldar aiki zuwa intanet don ajiya, sai ta kwashe har da su, datar wata ta ƙare a kwana tara, Hajiya ta hau bene. Haka kuma in kana neman kalma ɗaya a aikinka, sai kwamfuta ta shiga tonon kayan wasu. Manyan masu sana'ar da yawa a waje guda suke tara muhallansu, nesa da aiki, kuma ba wanda ya ce musu mahaukata.

Amma dalilin Turawa shi kaɗai ba ya shiga zuciyar mai fataucin hatsi. Ka haɗa mata da na gida. Almu ya tuna yadda ake yi a Wurma lokacin yarintarsa: ba a gina rumbu a cikin gida, a bayan gari ake jera su, nesa da murhu, yadda in wuta ta ci ɗaki ba za ta haɗa da abincin shekara ba. Da wannan ya tari Hajiya, yana tsugune, idonsa a ƙasa.

"Hajiya, yadda iyayenmu ke yi. Gida daban, rumbu daban."

Hajiya ta gyaɗa kai, don ita ma a gidan rumbuna ta tashi.

"Maman Joan, ke mi kika gani?"

"Gaskiya ne, Mama, ana yin haka. Zai rage cin data. In dai za a rubuta wanne ne na wanne."

"Za a rubuta," in ji Almu.

Ka lura da wannan amsar. Bai ce yaushe ba, bai ce wa zai rubuta ba. Ka haddace ta.

Mataki na uku: Ka kwashe

Ka buɗe sabuwar folda can ƙuryar kwamfuta, inda ba mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya. Ka sa mata suna rumbu. Ka gina muhallan a can, ka goge na cikin foldojin aiki. Ka yi wannan lokacin da abokiyar aikinka ta tafi ɗauko yara daga makaranta. Ba wai ɓoyewa kake yi ba. Ba ka son damun ta ne.

Mataki na huɗu: Ka raɗa sunayen da ba su nuna komai

Nan ne gwaninta take. A Wurma ba a rubuta suna a jikin rumbu. Mahaifin Almu yana gane nasa tun daga nesa, da yadda jinkar ta ɗan karkata hagu. Wanda ya san rumbu shi ne mai rumbu.

Manhaja huɗu ce a ofishin Hajiya. Cikin mako uku Almu ya gina musu muhalli ashirin da uku. Akwai gwaji, akwai gwaji biyu. Akwai sabo, da sabo sosai, da tsohon sabo. Akwai na Laraba, wanda ba ya aiki ranar Laraba. Akwai kar a taɓa, akwai kar a taɓa na gaske. Akwai wani mai suna Sabitu, wanda shi kansa Almu ya manta ko wane Sabitun yake nufi. Huɗu ne kawai masu rai a cikinsu, sauran jinka ce babu hatsi.

Kada ka goge matattun. Su ne masu gadin masu ran.

Wata safiya na ji muryar Lai'atu ta sauko ta tsakanin katako.

"Malam Almu, manhajar lodi wane muhalli take ci?"

"Ya danganta."

"Da me?"

"Da abin da kike son ta yi."

"Ina son ta buga takardar lodi. Abin da aka rubuta ta don shi."

"To, bari in zo in duba maki."

"Faɗa mini kawai, ai ina da hannu."

"Abin ba ya faɗuwa, Maman Joan. Sai an gani."

Ya taso, ya tsaya ta yadda bayansa ya tare mata allon, ya danna, takarda ta fito. Ya koma kujerarsa a hankali, irin tafiyar likitan da ya fito daga ɗakin tiyata.

Mataki na biyar: In an nemi jerin kaya, ka ba da tarihi

Akwai wani ɗan fayil da masu sana'ar ke ajiyewa gefen manhaja, mai jera sunan kowane kayan haɗi da na wace shekara ne. Da shi kowa zai iya gina sabon muhalli kafin shayi ya huce. Wannan fayil shi ne babban maƙiyinka. In babu shi, kada ka rubuta. In an tambaye ka, ka fara labari.

"Malam, ina jerin kayan da manhajar lodi ke buƙata?"

"Yana nan," in ji Almu, yana taɓa goshi da yatsa. "Kin san lokacin da muka fara aikin ga, ko wutar kirki babu. Da janareton mai wanki da guga muka rubuta layin farko. Akwai ranar da ruwa ya shigo ta taga..."

Ya yi minti ashirin. Lai'atu ta saurara har ƙarshe, don tana da tarbiyya, sannan ta ce, "Allah ya saka da alheri, Malam," ta koma teburinta.

Daga ranar ta daina tambaya. Mai hankali zai ji tsoron wannan. Almu ya ɗauka nasara ce, ni ma haka. Na dai lura da wani ɗan littafi mai shuɗin bango da take ajiyewa gefen jakarta. Duk lokacin da manhaja ta yi gardama ta rubuto sunan abin da ta rasa a kan allo, sai ta ɗan rubuta wani abu a ciki. Wata rana da na hau canza tawada na leƙa, na ga sunaye a jere da lambobi a gabansu.

"Maman Joan, wannan fa?"

"Jerin cefane ne, Malam Ɗanjuma."

Na yaba mata da tattali, na sauko.

Mataki na shida: Ka ɓace na yini ɗaya, a neme ka

Ba wanda ke sanin amfaninka kana zaune. Ka zaɓi ranar da akwai ɗan aiki, ba mai yawa ba, ka samo uzurin da ba a hanawa. Almu ya ce zai je Wurma duba sussukar gero.

Ƙarfe goma sha ɗaya wayarsa ta yi ƙara. Yana tsaye a bayan gari, gefen tsofaffin rumbunan. Ya bar ta ta yi ƙara har ta kusa tsinkewa, sannan ya ɗauka da muryar wanda aka katse wa muhimmin abu. Lai'atu ce.

"Malam, mota ɗaya ce za ta tafi Funtuwa. Wanne zan buɗe?"

"Hajiya na kusa?"

"Ga ta zaune."

"To, sa wayar a sifika, don kar in maimaita. Ki buɗe sabo sosai. A'a, dakata. Wannan na saƙon manoma ne. Ki buɗe tsohon sabo."

Takarda ta fito. Sai ga muryar Hajiya daga nesa: "Ashe dai ba a yi sai da kai, Baban Surayya. Ka gaida mutanen gida. Ka ce wa Huseina ina nan tafe da maganin ƙafar nan."

Almu ya dawo yana ba ni labari, bakinsa har kunne. Ya ƙara da wani abu da ya gani a can, yana dariya: 'yan'uwansa biyu sun kusa dambe a kan wani rumbu, kowa na cewa na ubansa ne, tsofaffin da suka san wanne ne na wa duk sun rasu. Da aka ɗaga jinkar, ba komai a ciki sai gara.

Irin wannan labarin ba ya shafar ka. Ƙauye ne. Ka yi dariya ka wuce mataki na gaba.

Mataki na bakwai: Ka mayar da rumbu aljihu

Rumbun da ke cikin kwamfutar ofis, duk wuyar sunayensa, mai haƙuri zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Don haka ka ɗauke shi gaba ɗaya ka sa a filash, filash ɗin a aljihun gaban riga, tare da goro. Dalilin gaskiya yana nan: in ɓarawo ya ɗauke kwamfuta fa?

Sai dai ka sani, muhalli yana haddace adireshinsa. In ka ɗauke shi daga inda aka gina shi, sai ya dinga neman kansa a tsohon gida. Kwamfuta kuwa harafi take ba duk filash ɗin da aka soka mata, wanda ya fara zuwa shi ke samun na farko. A kwamfutar ofishin Hajiya, harafin E ne. Almu ya kwashe yini biyu yana sake gina muhalli ashirin da uku a kan E, har da matattun, har da Sabitu.

"Ɗanjuma," ya ce mini, yana shafa aljihu, "yanzu ko mahaifina bai kai ni ba. Shi rumbunsa a bayan gari yake kwana. Ni nawa da shi nake zuwa masallaci."

Na ce masa wannan hikima ce. Har yanzu ban janye ba. Hikima ce mai sharaɗi ɗaya, kuma ba wanda ya gaya mini sharaɗin.

Mataki na takwas: Ranar lodi, ka natsu

Larabar ƙarshe ta lodin wake, tirela biyu suka cika tun hantsi, an ɗaure tamfol, 'yan dako sun koma inuwa suna shan fura. Saura takarda. Ba direban da zai ɗauki wake zuwa kudu babu shaidar ranar da aka sa masa magani, don masu saye a can sai sun gani kafin a sauke buhu ɗaya. Kuma kowa ya san hanyar nan ba a son la'asar ta riski mutum a kanta.

Da safe firintar ofis ta ƙi jin maganar kwamfuta, aka kira ni. Almu yana ƙasa yana gaisawa da direbobi. Na hau da ɗan filash ɗina, ƙarami ne kamar ƙwayar gyaɗa, na soka a bayan kwamfutar, na gyara, firinta ta amsa. Na tsaya shan ruwa. Na manta da shi a can.

Almu ya hawo, Hajiya na biye, bayanta Mahmuda, babban direban, da makullin mota a hannu. Almu ya zauna, ya gyara hannun riga, ya zaro filash daga cikin goro, ya hure shi, ya soka. Ya buɗe tsohon sabo.

Allo ya ce bai san wannan hanyar ba.

Ya sake. Allo bai canza magana ba.

"Wani lokaci sai an lallaɓa ta," in ji shi. Ya buɗe sabo sosai. Ya buɗe na Laraba, ko don albarkacin ranar. Ya buɗe gwaji, ya buɗe gwaji biyu.

"Malam," in ji Mahmuda, "ni ban san kwamfuta ba, amma na san rana. Ga ta can tana tahiya."

"Minti biyu, direba."

"Minti biyun nan da ka faɗa ɗazu, ko wasu sabbi?"

Almu ya taɓa kar a taɓa. Ya taɓa kar a taɓa na gaske. Zufa ta keto masa daga ƙarƙashin hula ta bi ta bayan kunne. Hajiya ta daina juya carbinta, kuma duk wanda ya san ta ya san gara ta yi faɗa.

A kan muhalli na goma sha ɗaya na gane. Filash ɗina ne ya riga nasa zuwa, ya karɓe E. An ba rumbun Almu harafi na gaba, muhallai ashirin da uku suna ta neman kansu a gidan da ɗan filash ɗin mai gyaran firinta ya tare. Gyaran bai wuce in miƙa hannu bayan kwamfuta ba. Amma Hajiya a daidai wurin take tsaye, kuma shagona a ƙarƙashin benenta yake. Na dubi silin. Na ga ashe akwai yanar gizo-gizo a kusurwa, na tsaya nazarinta.

Darasin nan naka ne kai ma: in abokinka na nutsewa a gaban mai gida, ka taya shi da addu'a a zuci.

Da Almu ya kai kan Sabitu, Lai'atu ta buɗe jakarta.

"Malam, ko in gwada wani abu? Ba zan taɓa rumbunka ba."

Ya ja kujerarsa baya. Ta kunna datar wayarta, ta ɗora littafin nan mai shuɗin bango gefen kwamfuta, ta buɗe foldar manhajar lodi. A nan ciki, a fili, gefen manhajar, ta gina sabon muhalli. Ta bi jerin cefanenta layi-layi tana kwafewa. Sabis ya ɗauke sau ɗaya, ta ɗaga wayar sama wajen taga har ya dawo. Minti goma sha ɗaya. Na duba agogo, don ba ni da wurin da zan sa idona.

Firinta ta yi tari, ta fara fitar da takarda.

Mahmuda ya karɓa, ya duba hatimi, ya ninke.

"Madam, Allah ya raya zuri'a. Malam, kai kuma Allah ya ƙara sani."

Na sunkuya kamar ina gyara wayar firinta, na zare ƙwayar gyaɗata na jefa aljihu cikin makullai. Tirelolin suka tashi kafin azahar.

Mataki na tara: Ka karɓi nasara da kunya

Litinin Hajiya ta hau bene. Wannan karon kujerar Lai'atu ta zauna. Almu ya riga ya kwashe kayan aljihun teburinsa ya zuba a leda tun safe: kofin shayi, da caja, da man zafi. Yana tsugune bakin ƙofa, ledar na bayansa.

"Maman Joan," in ji Hajiya, "abin da kika yi ran Laraba, na gani, kuma ba zan manta ba. Hannunki na da albarka. Na yi magana da wani Alhaji a Katsina, mai sito uku, yana neman irinki ido rufe. Na ce mashi in bai ɗauke ki ba ya yi asara. Ran ɗaya ga wata za ki fara."

Lai'atu ta ɗago kai.

"Katsina, Mama."

"Ga mota kullum. In kin fita da sassafe, kin dawo kafin magariba."

"Yara kuma su ɗauko kansu daga makaranta."

"Allah zai kawo hanya, ɗiyata."

"Na gane, Mama. Na gode."

Hajiya ta juya.

"Kai kau, Baban Surayya, mayar da kofinka inda yake. Kuma filash ɗin ga, in na sake ganin shi cikin goro, ni da kai ne."

Ka ga abin da nake gaya maka. Mataki tara, kujera ta tsaya. In haka ta same ka, kada ka yi murna a fili. Ka sunkuyar da kai, ka ce Allah ne ya yi.

Ranar da Lai'atu za ta tafi, ta yage shafin nan daga littafinta, ta manna shi da salatif a kan teburin Almu, daidai inda yake ajiye kofi. A samansa ta rubuta da manyan baƙaƙe: JERIN KAYAN MANHAJAR LODI. A ƙasa ta ƙara layi uku na yadda ake gina muhallin in ya lalace.

"Malam, na rubuta suna a kai," ta ce. "Ka yi haƙuri."

Ta sauko ta yi mini sallama, ta ba ni wata tawada da ta rage. Tana bakin ƙofa ta waiwayo.

"Malam Ɗanjuma, filash ɗinka ƙarami ne. Ka ɗaura masa zare, kar ka sake mantawa da shi a wani wuri."

Na ce to.

Yau wata bakwai ke nan. Da muhallin da ta gina ake buga kowace takardar lodi. Rumbun yana nan a aljihun Almu, ya dai raba shi da goro, muhalli ashirin da uku ba wanda ya sake buɗe ko ɗaya. Lai'atu nakan hango ta a tasha da sassafe, da jaka a kafaɗa, tana jiran motar Katsina ta cika. Nakan ɗaga mata hannu daga nesa. Ban cika matsawa kusa ba, saboda aiki.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, shi ya ga zai iya. Marubuci ba shi da hannu a tirelar da ta makara, ko waken da ya yi ƙwari, ko zufar da ta ɓata hula. Ba ya karɓar ƙorafi a shago, a masallaci, ko a wurin ɗaurin aure. In an sallame ka, ka sake karantawa, akwai matakin da ka tsallake. In kuma ka zo nemana a ƙarƙashin bene ka tarar da ƙofa a rufe, ina ciki ina gwada makullai.

Wani da ya karanta kafin kai ya tambaye ni ko akwai abin da na bari ban faɗa ba. Akwai ɗaya, ban dai ga ya shafi kwamfuta ba. Huseina, matar Malam Almu, ƙanwar Hajiya Rahmatu ce, uwa ɗaya uba ɗaya.